Dorina a cikin teku

Idan damina ta yi tsakiya, Gulbin Maraɗi yakan kawo. Yaran Gidan Rumji sun san shi sarai: jan ruwa mai gudu, ɗauke da karare da rassan itace. Bayan wata uku ko huɗu sai ya ƙafe, ya bar rairayi. To, ina ruwan nan yake zuwa?

Gulbin ya taso ne daga ƙasar Katsina, cikin Najeriya. Ya shigo Nijar ta wajen Madarunfa, ya bi ta Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya sake komawa Najeriya, ya faɗa Gulbin Rima. Rima ya gamu da gulbin Sakkwato, suka wuce Argungu da Birnin Kabi, suka zuba a kogin Kwara. Kwara ya gangara kudu, ya karɓi Binuwai a Lakwaja, daga ƙarshe ya rarrabu rassa-rassa ya shiga teku. Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Gazawa da ta Agye, shi ma can ya dosa a zamanin da yake gudu. Yau kwari ne mai goriba, ruwa ba ya nisa cikinsa.

Daga Maraɗi zuwa bakin teku mafi kusa ya fi kilomita 800. Shi ya sa yawancin mutanen jihar ba su taɓa ganin teku ba, sai fatake da direbobin da suka je Legas ko Kwatano ko Lome, da alhazan da suka hange shi ta tagar jirgin sama. Amma teku ya rufe kashi 7 cikin 10 na duniya. Ruwansa ba ya shawuwa, don kowace lita tana da gishiri kimanin giram 35. Duk da haka cike yake da halittu, har da wasu da Bahaushe ya san sunansu tun kaka da kakanni.

Tsibiran Bijago

Tsibiri ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Mutanen bakin Kwara suna ce masa gungu. A yammacin Afirka, tsakanin Senegal da Gine, akwai wata ƙaramar ƙasa mai suna Gine-Bisau, wadda Turawan Fotugal suka mulka har 1974. A gabanta, cikin tekun Atlantika, akwai tsibirai 88, manya da ƙanana. Su ne tsibiran Bijago. Kimanin 20 ne kawai ke da mazauna kullum. Mutanen wurin suna noman shinkafa, suna yin manja, suna kamun kifi. Babban garinsu shi ne Bubake. Daga Bisau, babban birnin ƙasar, jirgin fasinja yakan yi awa 4 ko fiye kafin ya kai can.

Baƙi suna zuwa tsibiran nan daga ƙasashe masu nisa don kallon dabbobi. Wasu sukan zo cikin jirgin ruwa mai ɗakunan kwana da wurin cin abinci, su yi mako guda suna bin tsibiran ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan jirgi ba ya iya matsowa gaɓa, saboda ruwan ba zurfi, ga kuma tuddan rairayi a ɓoye. Sai ya tsaya daga nesa, a sauke ƙananan jiragen roba masu inji, kowane ya ɗauki mutum 10 ko 12. Kowa ya sa rigar da ke hana nutsewa. A gaban jirgi akwai ɗan jagora, ɗan ƙasa, wanda ya san hanya.

Ba agogo ne ke ba matuƙin jirgi izinin tashi ba, teku ne. Cikin yini da dare, teku yana cikowa sau biyu, yana janyewa sau biyu. Kowace cikowa takan ɗauki kimanin awa 6, haka ma janyewa. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taimaka masa. A Bijago, tsakanin cikowa da janyewa yakan kai mita 4, watau ya ɗara tsayin katangar aji. Wanda ya yi sakaci sai ya iske jirginsa zaune bisa taɓo, ruwa ya yi masa nisa. Ba abin yi sai jira.

Abin da teku ke bari in ya janye

Da ruwa ya janye sai wani makeken fili na taɓo da rairayi ya bayyana, iyakar ganin ido. Wanda bai sani ba sai ya ce fako ne, ba komi a ciki. Amma in ya tsaya shiru zai ga ƙasa tana motsi. Ƙaguwoyi ne, dubbai, suna fitowa daga ramummukansu. Namijin wata irin ƙaguwa yana da hannu ɗaya ƙato, ɗaya ɗan ƙarami. Yakan ɗaga ƙaton yana kaɗawa, don kiran mace da korar abokin hamayya. Cikin taɓon kuma akwai tsutsotsi da katantanwar ruwa iri-iri. Matan tsibiran sukan fito da kwanduna su tono katantanwar, ita ce namansu na yau da kullum.

A gefen filin akwai wani kurmi da ke tsaye cikin ruwan gishiri. Saiwoyin itatuwansa suna waje, sun harɗe da juna kamar ƙafafun gizo-gizo. Cikin saiwoyin nan ƙananan kifaye ke ɓuya har su girma. Inda aka sare irin wannan kurmi, kifi yakan ragu, kuma teku ya riƙa cin gaɓa.

Sai tsuntsaye. Akwai kwasakwasa da zalɓe, akwai aku cikin wasu tsibiran. Amma waɗanda suka fi yawa baƙi ne: ƙananan tsuntsaye masu dogon baki da siraran ƙafafu, dubu ɗaruruwa. Suna yin sheƙa a arewacin Turai da Siberiya, can ƙurewar Rasha. Idan sanyi ya matso, ƙanƙara ta fara rufe ƙasa, sai su taso. Suna isowa daga watan Satumba, su koma wajen Afirilu ko Mayu. Wasu cikinsu ba su kai kurciya girma ba, amma suna keta dubban kilomita. A duk yammacin Afirka, wuri ɗaya ne kawai ya fi Bijago tara irin waɗannan tsuntsaye, shi ne Ban Dargen, a gaɓar Muritaniya.

Ɗan jagora ba ya barin baƙi su matsa kusa. Dalili kuwa, tsuntsun nan ba wasa yake yi cikin taɓo ba, guzuri yake tarawa. Dole ya yi ƙiba kafin ranar komawa, don kitsen jikinsa shi ne man tafiyarsa. Duk lokacin da aka firgita shi ya tashi, ya ƙona abin da ya tara, kuma ya yi asarar lokacin kiwo, tun da ruwa zai dawo ya rufe filin. Saboda haka daga nesa ake kallo, da madubin hangen nesa.

Dorinar Orango

Orango na cikin manyan tsibiran Bijago. A shekarar 2000 aka mai da shi gandun ƙasa, tare da tsibiran da ke maƙwabtaka da shi. Abin da ke kai baƙi can shi ne dorina.

Kowa ya san dorina dabbar kogi ce da tabki. Yaron da bai taɓa ganinta ba ma ya san sunanta, ko don bulalar da ake yi da fatarta. Amma dorinar Orango tana shiga teku. Takan bi ta ruwan gishiri daga wannan tsibiri zuwa wancan, kuma akan ga sawunta bisa rairayin gaɓa da safe. Da rana takan zauna cikin tabkunan ruwan daɗi da ke tsakiyar tsibirin. Mutanen wurin suna cewa tana shiga teku ne don gishiri ya raba ta da matsattsaku. Ba wata iri ce dabam ba. Ita ce dai dorinar Kwara, sai dai ta saba da wani wurin zama.

Kafin a gan ta sai an sha tafiya. Jirgin roba ya bi ta lungunan kurmin ruwa, a sauka, a taka da ƙafa cikin dogayen ciyayi har bakin wani tabki da ake kira Anor. Nan ɗan jagora zai ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Da farko ba a ganin komi sai ruwa da ganyen bado. Can sai a ji huci mai ƙarfi, a ga kunnuwa biyu suna kaɗawa. Idanun dorina da kunnuwanta da hancinta duk suna saman kanta, a jere. Saboda haka tana iya ɓoye jikinta duka cikin ruwa, alhali tana gani, tana ji, tana numfashi. In ta nutse takan yi kimanin minti 5 kafin ta ɗago. Kuma ba iyo take yi kamar kifi ba, takawa take yi a ƙasan ruwa, tana tunkuɗa jikinta sama.

Namiji yakan yi kilo 1,500, watau nauyin buhun hatsi 15. Manya ƙwarai sukan kai kilo 3,000. Da dare suke fitowa kiwo, kowace ta ci ciyawa kimanin kilo 40 kafin asuba. Fatarta ba ta jure rana. Takan fitar da wani ruwa ja-ja mai maiƙo, wanda mutanen da suka ɗauka jini ne, alhali kariya ce daga zafin rana da ƙwayoyin cuta. Mace tana ɗaukar ciki wata 8, ta haifi ɗa guda. Masana sun gano cewa, cikin dabbobin da ke raye yau, danginta na kusa su ne manyan dabbobin teku masu shayarwa, irin su dabbar wel da dolfin.

Idan dorina ta wangale baki, baƙo yakan yi murna, ya ce hamma take yi. Ba hamma ba ce, gargaɗi ne. Haurenta yakan kai santimita 50, kuma duk da nauyinta ta fi mutum gudu. Wuri biyu ne mai hankali ba ya tsayawa: tsakanin dorina da ruwa, da tsakanin uwa da ɗanta.

Mutanen Nijar sun san haka. A Ayoru, kimanin kilomita 200 arewa maso yamma da Yamai, akwai gungu a tsakiyar kogi, kuma akwai dorina da yawa. Shekaru da dama baƙi sukan je kasuwar Lahadi ta garin, sannan su shiga kwalekwale su kalli dorina, kafin rashin tsaro ya tsai da wannan zuwa. Amma zama da dorina ba sauƙi. A watan Nuwamba na 2014 wata ta kifar da kwalekwale kusa da Yamai, mutum fiye da 10 suka rasu, yawancinsu ƴan makaranta. A 2017 kuma, cikin ƴan watanni, an kashe dorina aƙalla 27 a yankin Ayoru, bayan mutane sun daɗe suna kukan ɓarnar gonaki da dabbobi. A wannan shekarar ce gwamnati ta keɓe wa dorina wani yanki na kogin. Dokar farauta ta Nijar, ta 1998, ta hana kashe ta.

A Orango ma ana ɓarnar. Dorina guda tana iya tattake gonar shinkafa cikin dare ɗaya. Sai dai mutanen Bijago suna girmama ta bisa al'adarsu, har suna sassaƙa kanta da itace su sa a wajen rawa. Don a raba rigimar, an kewaye wasu gonaki da waya mai lantarki, wadda ke samun ƙarfi daga hasken rana. Wayar ba ta kisa, tana dai ba dorina tsoro ta juya. A nan akwai abin lura. Baƙo ya biya kuɗi, ya kalli dorina awa guda, ya koma jirginsa. Manomi shi ke kwana da ita shekara da shekaru. In ba a tsare masa gonarsa ba, kuma bai ga wani amfani daga zuwan baƙi ba, doka a takarda ba za ta hana shi ɗaukar makami ba.

Ayu

Akwai wata dabba kuma da ke zaune a Kwara, tana kuma zaune a Bijago. Ita ce ayu. Baƙi da yawa sukan gama yawonsu ba su gan shi ba. Mai sa'a shi ne wanda ya ga hanci ya ɓullo, ya shaƙi iska, ya koma, ya bar da'ira bisa ruwa.

Ayu ba kifi ba ne. Yana numfashi da huhu, kuma uwa tana shayar da ɗanta nono. Tsawonsa yakan kai mita 3, nauyinsa ya kai kilo 400. Yana da hannuwa biyu kamar filafilai, da faffaɗar wutsiya mai kama da faifai. Ba ya da ƙafafun baya, ba ya hawa tudu. Abincinsa ciyawar ruwa ce da ganyaye. Haƙoransa na tauna suna cinyewa, sai su zube ta gaba, sababbi su turo daga baya. Giwa ma haka nata suke, kuma masana sun ce ayu da giwa dangi ne. Nonon macen yana kusa da hammata. Mai yiwuwa wannan ne ya sa masunta da yawa na bakin teku suke haɗa shi da labarin aljanar ruwa.

Ana samun ayu daga Senegal har Angola, cikin teku kusa da gaɓa da kuma cikin koguna. A Kwara ya hau har ƙasar Mali. Ba ya cizo, ba ya faɗa, wannan ne ma ya cuce shi. An daɗe ana farautarsa da mashi don namansa da mansa, da sassan jikinsa da ake sa wa cikin magani. Yakan sarƙe cikin taru ya kasa ɗagowa ya shaƙi iska. Idan kogi ya janye da rani, wani lokaci yakan maƙale cikin gurbi. Madatsun ruwa kuma sun yanke masa hanya. Ga shi ba ya haihuwa da yawa: ciki shekara guda, ɗa guda, sai bayan shekara 2 ko 3 a sake. Akuya ta haifi ƴaƴa da jikoki kafin ayu ya yaye ɗa ɗaya. Dokar Nijar ta hana kashe shi, kuma tun 2013 an hana cinikinsa tsakanin ƙasashen duniya.

Dare ɗaya a Poyilawo

A can ƙarshen kudu, nesa da sauran tsibiran, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Poyilawo. Faɗinsa hekta 43 ne kawai. Ba gida, ba gona, ba kasuwa. Amma a duk Afirka babu inda koren kunkurun teku ke zuwa yin ƙwai kamar nan.

Kunkurun teku ɗan'uwan kunkurun daji ne da kififiya, amma ya fi su girma nesa ba kusa ba. Ƙoƙon bayansa yakan kai mita guda, nauyinsa ya wuce kilo 100. Ƙafafunsa sun zama filafilai, kuma ba ya iya mai da kansa cikin ƙoƙo. Ba bayansa ne kore ba, kitsensa ne, don babban yana kiwon ciyawar ƙarƙashin teku. Namiji ba ya da abin yi a tudu. Mace kuwa dole ta fito, saboda ƙwai ba ya ƙyanƙyashewa cikin ruwa.

Da damina suke zuwa, musamman Agusta da Satumba. Baƙin da suka samu izini sukan zauna bisa rairayi cikin duhu, ba fitila, ba magana. Can sai wani baƙin abu ya fito daga kumfar teku, yana jan jiki da ƙyar. Ta ja, ta huta, ta yi ajiyar zuciya, ta sake ja, har ta wuce inda ruwa ke kaiwa. Sai ta share wuri da filafilan gaba. Daga nan ta gina rami da na baya, tana ɗebo rairayi kaɗan-kaɗan kamar mai ɗiba da ludayi, har ramin ya yi kamar tulu. A wannan lokaci ko ɗan motsi na iya sa ta fasa, ta koma teku. Sai ta fara zuba ƙwai sannan ɗan jagora yake barin a matso, ta bayanta, da ƴar fitila mai jan haske.

Takan zuba ƙwai 100 zuwa 120, ko fiye. Farare ne, kewayayyu, ɓawonsu da taushi kamar fata, shi ya sa ba su fashewa. Ta rufe ramin, ta watsa rairayi don ɓad da sawu, ta koma ruwa. Ba ta kwanci, ba ta kuma ganin ƴaƴanta. Bayan kamar kwana 12 ta dawo ta yi wani ramin. Takan yi haka sau 3 ko 4 a damina guda, sannan ta yi shekara 2 ko fiye ba ta dawo ba.

Zafin rairayi ne ke yin kwancin, kimanin kwana 60. Wani abin mamaki shi ne, zafin nan shi ke raba maza da mata. In ramin ya wuce digiri 29, mata sun fi yawa. In bai kai ba, maza sun fi yawa. A Poyilawo, ramukan da ke ƙarƙashin inuwar itatuwa su ke ba da yawancin maza. Ashe itacen da ke bakin gaɓa ma yana da nasa aikin.

Ƴaƴan sukan fito da dare, a tare, kowane bai cika tafin hannun yaro ba. Suna dosar inda ya fi haske, watau fuskar teku. In aka kunna fitila a tudu sai su bi ta, su ɓace, rana ta fito ta kashe su. Tun suna cikin ƙwai guza ke tono su. A hanya ƙaguwa da tsuntsaye na jira, a ruwa kuma manyan kifaye. Ana ƙiyasta cewa cikin 1,000 wajen ɗaya ne ke girma. Wadda ta tsira sai ta shekara 20 ko 30 kafin ta fara ƙwai, kuma yankin da aka ƙyanƙyashe ta nan take komowa. Masana sun liƙa wa wasu uwaye na'ura a baya, suka bi su ta tauraron ɗan'adam. Da yawa sun tafi kiwo har Ban Dargen, tafiyar kimanin kilomita 1,000.

A shekarar 2000 an ƙiyasta ramukan ƙwai fiye da 7,000 a Poyilawo. A 2007 sun kai wajen 29,000. Rairayin da suke ƙwai a kai kuwa tsawonsa wajen kilomita 2 ne. Saboda cunkoso, wata takan tone ƙwan wata garin gina nata ramin.

Me ya sa suka yi yawa a nan, alhali a wasu gaɓoɓin an cinye su? Poyilawo mallakar mutanen tsibirin Kanyabak ne, kuma a wurinsu wuri ne mai tsarki. Al'adarsu ta hana a zauna cikinsa, ta hana a zub da jini, kuma ba kowa ke da ikon taka shi ba. Tun kafin a san wani abu wai shi gandun ƙasa, wannan hani ya tsare kunkuru. Da gwamnati ta kafa gandun teku a wurin a 2000, kan wannan tushe ta yi gini. A 2025 hukumar UNESCO ta sa yankin tekun Bijago cikin jerin kayan gadon duniya. A shekarar nan kuma masana suka fitar da koren kunkuru daga jerin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, don yawansa ya ƙaru a duniya bayan shekaru ana tsaronsa. Sauran damuwa ita ce ɗumamar duniya. Teku yana ƙara hawa, Poyilawo kuwa ba tudu gare shi ba, kuma ramin da ruwan gishiri ya kwanta ciki ƙwansa ya lalace.

Irin wannan hani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Shamuwa takan zo gab da damina, ta yi sheƙa bisa tsamiya ko kuka a tsakiyar gari, wani lokaci ma cikin gida. Yaron da ke harbin kurciya da danƙo ba ya harbinta, ba ya taɓa ƙwanta, in ya gwada kuwa manya su tsawata masa. Ba ma'aikacin gandun daji ne ke gadinta ba. Idan kaka ta yi sai ta tashi, ta ƙetare zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda damina ke farawa a lokacin. Shekara na kewayowa ta dawo, sau da yawa kan itacen da ta bari.

Yaron Agye ko Gazawa ba ya bukatar jirgi kafin ya koyi kallon dabbobi. Tabkin bayan gari ya isa. Wanda ya samu zuwa tabkin Madarunfa, kudu da Maraɗi, zai ga masunta cikin kwalekwale, ya ga balbela da zalɓe da kirinjijiya, da sanyi kuma ya ga ƙananan baƙin tsuntsaye masu dogon baki, dangin na Bijago. Ka'idar ɗaya ce da ta ɗan jagoran Orango. A fita da sassafe ko da marece. A sa tufafi marasa ƙyalli. A zauna wuri guda, rana tana bayan mutum, a yi shiru. In tsuntsu ya daina kiwo ya miƙe wuya, an matsa da yawa, sai a ja da baya. Kuma a rubuta abin da aka gani nan take: rana, lokaci, wuri, iri, da adadi.

Kalmomi

dorina: hippopotame
ayu: lamantin
kunkurun teku: tortue marine
tsibiri: île
cikowa da janyewar teku: marée
kurmin ruwan gishiri: mangrove

Tambayoyi

1. Ku faɗi gulaben da ruwan Gidan Rumji ke bi kafin ya kai teku. Ku nuna su a taswira.
2. Don me ba a matsawa kusa da tsuntsayen da ke kiwo cikin taɓo?
3. Ku kawo abu biyu da ke nuna ayu ba kifi ba ne.
4. Dorina tana cin ciyawa kilo 40 a dare guda. Kilo nawa garke mai dorina 12 zai ci a mako guda?
5. Me zai faru da ƴaƴan kunkuru in aka sare itatuwan bakin gaɓar Poyilawo?
6. Manomi ya ce a kashe dorina, ma'aikacin gandun daji ya ce doka ta hana. Ku kasu gida biyu, kowane ɓangare ya kawo hujjarsa.

Aiki

Ku ƙirga sheƙunan shamuwa na garinku ko unguwarku. Ku rubuta irin itacen da kowace take kai. Ku tambayi wani tsoho ko tsohuwa: a ƙuruciyarsu sheƙunan sun fi haka yawa, ko ba su kai ba? Ku ajiye takardar a aji, don ƴan ajin baɗi su sake ƙirgawa.